Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamun Kifin Bass da Gasarsa a Amurka

Wanda ya saba ganin masunta suna jefa birgi ko suna jan taru domin neman na abinci zai yi mamaki idan ya ji cewa a Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce su kama kifi biyar a yini, a ɗora su a sikeli a gaban dubban 'yan kallo, sannan a mayar da su ruwa da ransu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai jin labarin wannan harka karon farko ya fi yawan yi.

Wane irin kifi ne bass?

Kifi ne na ruwan daɗi wanda asalinsa Arewacin Amurka ne, kuma mafarauci ne da ke cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari da duk wani abu mai motsi da zai iya shiga bakinsa. Iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne mai babban baki, wanda muƙamuƙinsa na sama ke wuce saitin idonsa, launinsa kore-kore ne da baƙin zane a gefe, kuma ya fi son ruwa mai ɗumi da ciyayi. Na biyu shi ne mai ƙaramin baki, wanda launinsa ya fi kama da na tagulla, ya fi son ruwa mai sanyi da duwatsu, kuma masu fatsa sun yarda cewa ya fi ɗan'uwansa faɗa idan ƙugiya ta kama shi. Ba wani ƙaton kifi ba ne idan aka kwatanta shi da giwan ruwa, domin wanda ya kai kilo 2 ya isa a yi murna da shi, wanda ya kai kilo 5 kuwa mutum na iya shekara da shekaru bai haɗu da shi ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne halinsa: yana kai wa koton roba hari da ƙarfi, yana tsalle sama da ruwa yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiya, sannan ana samunsa a kusan kowace jiha ta Amurka, daga ƙaramin kududdufin gona har manyan madatsun ruwa.

Yaushe kamun wannan kifi ya zama gasa?

Wani dillalin inshora daga birnin Montgomery na jihar Alabama, mai suna Ray Scott, shi ne ya mayar da shi gasa mai tsari. A shekarar 1967 ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver da ke jihar Arkansas, inda mutum 106 suka biya dala 100 kowannensu suka shiga, sannan a 1968 ya kafa ƙungiyar masu kamun bass mai suna B.A.S.S. wadda har yau ita ce babba a wannan fage. Gasar ƙarshen shekara da ake kira Bassmaster Classic ta fara a 1971 a tafkin Mead na jihar Nevada, kuma a wancan karon ba a gaya wa 'yan gasar inda za a kai su ba sai da jirgin sama ya tashi da su, domin kada wani ya riga ya je ya leƙo ruwan. Bobby Murray ne ya ci, ya tafi da dala 10,000. Daga baya wasu ƙungiyoyi sun taso, ciki har da Major League Fishing wadda aka kafa a 2011 da nata tsarin daban.

Yaya ranar gasa take gudana?

Tun da asuba ake taruwa a bakin ruwa, a duba kowane jirgi a tabbatar babu kifi a cikinsa, sannan a sallami jiragen ɗaya bayan ɗaya bisa lambar da kowa ya samu. Daga nan kowane ɗan gasa yana da kimanin sa'o'i 8, kuma yana da 'yancin zuwa duk inda ya ga dama a cikin iyakar da aka shata. A tsarin B.A.S.S. kifi biyar kawai ake lissafawa a yini, saboda haka wanda ya cika biyar ɗinsa sai ya ci gaba da nema, duk lokacin da ya kama wanda ya fi nauyi sai ya saki mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda yake riƙe da su. Akwai kuma mafi ƙarancin tsawon da aka yarda da shi, wanda ya danganta da dokar jihar da ruwan yake, galibi daga inci 12 zuwa sama. Manyan gasanni kan ɗauki kwana uku ko huɗu, ana rage yawan mutane a kwanakin ƙarshe, kuma wanda jimillar nauyin kifinsa ta fi ta kowa shi ne zakara.

Dokokin suna da tsauri. An hana amfani da koto mai rai, an hana jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya da babban inji, kuma wanda ya makara wajen dawowa ana zaftare masa laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, daga nauyin kifinsa a kan kowane minti, idan makarar ta wuce minti 15 kuwa kamun wannan yinin ya tashi a banza. Wannan ne ya sa za ka ga mutum ya bar wurin da kifi ke cin koto ya kama hanya da gudu, domin wurin kamun na iya zama tafiyar sa'a guda ko fiye daga wurin awo.

Awon kansa biki ne. Ɗan gasa zai hau dandamali riƙe da jaka mai ruwa, a juye kifin cikin kwando a ɗora a sikeli, mai gabatarwa ya faɗi nauyin da ƙarfi, sannan mutumin ya zaro manyan biyu daga ciki, ya riƙe kowanne ta leɓen ƙasa da babban yatsa, ya ɗaga su sama jama'a na sowa. Bass ba shi da haƙoran da za su yanki mutum, sai dai wasu ƙanana masu kaushi, shi ya sa masu fatsa ke alfahari da babban yatsan da ya goge, domin alama ce ta cewa yinin ya yi albarka.

Idan ba za a ci kifin ba, ina amfanin kama shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mai sauraro daga ƙasarmu, kuma ba tambayar wauta ba ce. A shekarun farko ana kashe kifin ne, sai ƙorafi ya yi yawa daga mazauna bakin tafkunan cewa baƙi na zuwa suna kwashe musu kifi. A 1972 Ray Scott ya shigo da tsarin kamawa a saki, wanda ya tilasta wa masu ƙera jirage su riƙa saka wani akwatin ruwa a cikin jirgi, mai famfon da ke sabunta ruwan yana ba shi iska, domin kifin ya rayu har lokacin awo. Wanda ya kawo mataccen kifi ana rage masa oza 4, wato kwatan laba, a tsarin B.A.S.S., kuma an sha rasa gasa saboda tazarar da ba ta kai haka ba. Kifin da aka ciro daga ruwa mai zurfi jakar iskar da ke cikinsa kan kumbura har ya kasa nutsewa, saboda haka 'yan gasa ke koyon yadda za su soka siririyar allura su rage iskar. Major League Fishing ta ƙara gaba a wasu gasanninta, inda alƙali ke zaune a cikin kowane jirgi, ya auna kifin nan take a sake shi a wurin da aka kama shi. Duk da haka ba kowane kifin da aka saki ke rayuwa ba, musamman a tsananin zafi, kuma dokokin jihohi da yawa sun yarda mai fatsa na yau da kullum ya tafi gida da adadin da aka ƙayyade ya ci abinsa.

Waɗanne kaya ake buƙata?

Sanda, da manaɗin zare, da zaren kansa, da koto. Sandunan yanzu da sinadarin girafayit ake yin yawancinsu, tsawonsu kan kai mita 2 ko ɗan fiye, kuma ana bambanta su ta ƙarfin jikinsu da kuma inda suke lanƙwasa. Manaɗi iri biyu ne. Akwai wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai sauƙin koyo, wanda ya dace da siririn zare da koto marar nauyi. Akwai kuma wanda ke zaune a saman sanda, wanda gangar zarensa ke juyawa yayin jifa, kuma mai jifan ke sarrafa gudunta da babban yatsa. Wannan na biyun ya fi ƙarfi da saiti, amma duk wanda ya koye shi ya sha wahalar ranar farko, domin idan gangar ta fi koton gudu sai zaren ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, mutum ya zauna yana warwara kifi na wucewa.

Zare kuwa iri uku ne, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Na lailon yana miƙewa kuma ba ya saurin nutsewa, saboda haka ya dace da koton da ake ja a saman ruwa. Na fulorokabon yana nutsewa kuma da wuya kifi ya gan shi a ruwa mai haske. Saƙaƙƙen zare ba ya miƙewa ko kaɗan, yana da ƙarfi ƙwarai duk da siranta, kuma yana yanka ciyawa, shi ya sa ake amfani da shi a cikin bado da sauran ciyayi masu kauri. Ɗan gasa kan shimfiɗa sanduna goma ko fiye a gaban jirginsa, kowace da nata koto, domin kada ya ɓata lokaci wajen kwancewa da ɗaurawa, amma ɗaya kawai aka yarda ya jefa a lokaci guda. Mai koyo ba ya buƙatar wannan tarin. Sanda ɗaya matsakaiciya da ledar tanar roba sun ishe shi shekara guda.

Ta yaya kifi zai ci roba ko katako?

Saboda bass ba yunwa kaɗai ke sa shi kai hari ba, har da fushi da tsaron wurinsa da kuma saurin cafkar abin da ya gilma kafin ya tantance. Kotunan bogi sun kasu gida-gida. Akwai masu siffar ƙaramin kifi da leɓen roba a gaba, wanda ke sa su nutse suna rawa idan ana naɗe zare, kuma tsawon leɓen ne ke ƙayyade zurfin da za su kai. Wani masunci ɗan ƙasar Finland mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa irin wannan da hannunsa a 1936, kuma sunansa ne kamfanin Rapala ke ɗauke da shi har yau. Akwai masu faranti na ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya yana kaɗa ruwa, waɗanda suka fi aiki idan ruwa ya gurɓace ko iska na kaɗawa. Akwai ƙugiya mai kan dalma da gezar roba, wadda ake ja a ƙasa tana kwaikwayon halittun da ke rarrafe tsakanin duwatsu. Akwai kuma kwaɗon roba da ake ja a saman ganyen bado, wanda ya fi kowane koto tayar da hankali, domin mutum na ganin ruwa ya fashe da idonsa, kuma dole ya daure ya ɗan jira kafin ya fizgi sanda, in ba haka ba ya zare kwaɗon daga bakin kifin.

Amma wanda ya kafa babban tarihi shi ne tanar roba, wadda Nick Creme ya fara yi a jihar Ohio a 1949. Hanyar ɗaura ta da aka fi sani ita ce ɗaurin Texas, kuma ta cancanci a bayyana ta dalla-dalla. Za a fara zura wata dalma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka tsinin ƙugiyar a kan tanar kamar rabin santimita a fito da shi ta gefe, a tura kan tanar har wuyan ƙugiyar, sannan a juya ƙugiyar a mayar da tsininta cikin jikin robar yadda ba zai leƙo ba. Da wannan dabara koton zai ratsa ciyawa da rassan itace ba tare da ya maƙale ba. Mai fatsa zai jefa, ya bar shi ya kai ƙasa, ya riƙa ɗaga sanda a hankali yana saukewa. Cizon sau da yawa ba ya wuce ɗan ƙwanƙwasa guda da ake ji a hannu, ko kuma a ga zare ya fara tafiya gefe shi kaɗai, a nan ne za a sauke sanda, a naɗe ragowar zaren, a fizga da ƙarfi domin tsinin ya huda robar ya shiga bakin kifin. A ɗaurin Carolina ana raba dalmar da koton da tazarar kamu ɗaya ko biyu, a wani ɗaurin kuma da masu fatsa na Japan suka taimaka wajen yaɗawa dalmar ce a can ƙasa, ƙugiyar tana samanta, koton na lilo a gaban kifin da ya ƙi motsi.

A ina ake neman kifin a cikin tafki mai faɗi?

A nan ne gwani ke bambanta da mai tarin kaya, kuma a ganina nan ne ainihin gasar take. Bass ɗan kwanton ɓauna ne, saboda haka ana nemansa a jikin kututture da ya nutse, da gefen ciyayi, da ƙarƙashin gadoji, da wurin da ƙasan ruwa ya yi gangara farat ɗaya. Sannan yana ƙaura bisa zafin ruwa. Idan sanyi ya fara ja da baya, ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, sai ya hauro bakin gaɓa domin haihuwa, namijin ya share wani fili a ƙasa da jelarsa, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi. Macen ce ta fi girma, kuma dab da wannan lokaci ta fi nauyi, shi ya sa manyan kamu suka fi yawa a watannin farko na shekara a jihohin kudu. Idan zafi ya tsananta kifi da yawa kan koma zurfi ko inuwar ciyayi, idan yanayi ya fara sanyi kuma sai su bi garken ƙananan kifaye zuwa bakin rafuffuka. Kafin kowace gasa ana ba da 'yan kwanaki na gwaji, kuma abin da ɗan gasa ke nema a cikinsu shi ne ya gano abin da ya haɗa wuraren da kifi ke ci, wato zurfi nawa, wane irin maɓoya, wane koto, domin ya iya maimaita shi a wasu sassan tafkin. Iska ɗaya ta sanyi da ta taso cikin dare na iya rushe duk wannan lissafi.

Mene ne gaskiyar rigimar da ake yi kan na'urar hango kifi?

Jirgin gasa kan kai tsawon mita 6, da inji mai ƙarfin doki 250 da ke iya gudun fiye da kilomita 100 a sa'a, da kuma ƙaramin injin lantarki a goshi wanda ake sarrafawa da ƙafa domin a matsa kusa da kifi ba tare da hayaniya ba. Na'urar da ke amfani da amsa-kuwwar sauti ta nuna ƙasan ruwa ta daɗe a cikin waɗannan jirage ba tare da wani ya damu ba. Abin ya sauya ne bayan 2018, lokacin da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, wadda ke nuna abin da ke gaban jirgi kai tsaye, har mutum ya ga kifi na iyo a allo, ya ga kotonsa na sauka, ya ga ko kifin ya juyo ko ya kauce. Matasan da suka ƙware a kanta suka fara lashe gasanni a tsakiyar tafki, a wuraren da tsofaffin gwanaye ba su taɓa kulawa da su ba. Masu goyon baya na cewa ita ma ƙwarewa ce, kuma kifin da ka gani ba lallai ne ya ci ba. Masu suka na cewa ilimin karanta ruwa da yanayi, wanda ake shekaru ana tarawa, ya koma kallon allo, kuma tsadar na'urorin ta ƙara rufe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi. Daga kakar 2025 manyan ƙungiyoyin sun fara taƙaita amfani da ita, wata ƙaramar ƙungiya ma ta haramta ta gaba ɗaya. Ni dai na fi karkata ga masu taƙaitawa, ko don 'yan kallo, domin babu daɗi a kallon mutum ya sunkuyar da kai yana duban gilashi yini guda.

Wane ne ya kama mafi girma a tarihi?

A ranar 2 ga Yunin 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama mai babban baki mai nauyin laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yan kai, a tafkin Montgomery na jihar Georgia, kuma iyalinsa suka cinye shi, domin lokacin matsin tattalin arziki ne. Wannan bajinta ta shekara 77 babu wanda ya kamo ta, sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama wani a tafkin Biwa na Japan wanda ya ɗara na Perry da abin da bai kai oza ɗaya ba. Dokar hukumar IGFA mai ajiye irin wannan tarihi ta ce sai an ɗara da oza 2 kafin a karɓe kambu a kifi mai wannan girma, saboda haka aka rubuta su kunnen doki.

Ana samun kuɗi a wannan sana'a?

Na sama suna samu. Zakaran Bassmaster Classic na karɓar dala 300,000, kuma mutane irin su Rick Clunn da Kevin VanDam, waɗanda kowannensu ya ci wannan gasa sau huɗu, sun gina suna da dukiya a kanta. Takahiro Omori ɗan Japan ya ci ta a 2004, shi ne baƙo na farko da ya yi hakan. Sai dai jirgi da kayansa na iya lashe kusan dala 100,000, ga motar jansa, ga mai da masauki na watanni, shi ya sa yawancinsu suka dogara da kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu, waɗanda sunayensu ke cike da rigunansu da jikin jiragensu.

Ba a yin maguɗi?

Ana yi, kuma saboda haka ne manyan gasanni ke iya sa ɗan gasa ya zauna a gaban na'urar gwajin ƙarya, suna kuma hana karɓar bayanin wurin kifi daga mutanen gari a wani ƙayyadadden lokaci kafin gasa. Abin kunyar da ya fi yaɗuwa ya faru ne a 2022 a tafkin Erie, a gasar wani kifi daban mai suna walleye, inda shugaban gasar ya ga nauyin kifin wasu mutum biyu bai yi daidai da girmansu ba, ya farke cikinsu a gaban jama'a, sai ga dunƙulen dalma suna faɗowa. Kotu ta ɗaure su kwana 10 kuma suka rasa jirginsu.

Akwai wannan kifi a Afirka, kuma gasarsa ta yi kama da ta Argungu?

An kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana nan a madatsun ruwan Zimbabwe, inda ake gasarsa kamar yadda ake yi a Amurka. Sai dai a wurare da yawa ya zama annoba ga kifayen asali, domin cinye su yake yi. Japan, wadda aka kai mata shi a 1925, ta sanya shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2005, kuma a tafkin Biwa an hana mayar da shi ruwa idan an kama, akwai ma akwatuna a bakin gaɓa da aka tanada domin a zuba shi. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai tunanin zuba shi a madatsun ruwanmu, inda karfasa da sauran ƙananan kifaye ke ciyar da gidaje masu yawa.

Game da Argungu kuwa, abin da ya haɗa su shi ne sikeli da kyauta da taron jama'a. A bikin Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da ake karewa a 2016, dubban masunta ne ke afkawa kogin Matan Fada lokaci guda da homa da gora, ana neman kifi ɗaya mafi girma, galibi giwan ruwa, cikin ɗan gajeren lokaci, kuma ƙarfin jiki da iya nutso suna da babban rabo. Ɗan gasar bass kuwa ko ƙafarsa ba ta taɓa ruwa, kwanaki yake yi yana tara nauyi kaɗan-kaɗan, kuma kifin da zai sa a ɗaga shi sama a Alabama, a Matan Fada ko kallonsa alƙalai ba za su yi ba.